Kafin a Fara wa Yaro Maganin ADHD: Tambayoyin da Ke Hana Iyaye Barci

Ba ƙaramin abu ba ne a miƙa wa uwa ko uba takardar magani, a ce ɗansu mai shekara bakwai zai riƙa shan ƙwaya kullum saboda ba ya iya zama wuri ɗaya, ko saboda hankalinsa ba ya tsayawa kan abin da ake koya masa. Yaron ba zazzaɓi yake yi ba, yana ci, yana wasa, babu ciwon da ake gani a jikinsa. To ƙwayar ta mece ce? Duk wanda gabansa ya faɗi a nan yana da dalili. Ga tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin iyaye. Amsoshin ba za su maye gurbin likitan da ya ga yaronku da idonsa ba, sai dai za su sa ku shiga wurinsa kun san abin da za ku tambaya.

Wai larura ce da gaske, ko ƙiriniya ce aka raɗa wa sabon suna?

Kowane yaro yana ƙiriniya, kowane yaro yana mantuwa. Abin da ya raba wannan larura da ƙiriniyar da aka saba shi ne yawanta, da daɗewarta, da ɓarnar da take yi wa rayuwar yaron. Kafin likita ya ce ADHD ce, wato larurar warwatsewar hankali da kasa zama wuri ɗaya, sai alamomin sun kai aƙalla wata 6, sun faro tun yaron bai cika shekara 12 ba, suna bayyana a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, sannan sun zarce abin da ake gani wurin tsaransa.

Tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu basira da suka kasa riƙe kansu. Sunan ne ya yi ta canzawa: a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka kira ta ADD, a 1987 suka mai da shi ADHD. Ƙididdigar da aka haɗa daga ƙasashe da dama ta nuna tana samun yara 5 zuwa 7 cikin 100, kuma binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke da kaso mafi tsoka, fiye da kashi 70 cikin 100. Shi ya sa akan ji ana cikin bayani, uba ya yi shiru, can ya ce ai shi ma haka yake da yana yaro. Sakacin tarbiyya ba ya haifar da ita, ko da yake yadda gida yake yana iya sassauta ta ko ya tsananta ta.

Akwai kuma yaron da ba ya ƙiriniya ko kaɗan. Yana zaune shiru, idonsa a kan allo, hankalinsa ya yi nisa. 'Yan mata sun fi faɗawa cikin wannan rukuni, a daɗe ana ce musu malalata ko marasa kai, alhali larura ce ke ɗawainiya da su.

Ta yaya zan tabbata ba kuskure aka yi ba?

Wannan ce tambayar da ta kamata ta riga maganar magani. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ADHD. Ana gano ta ne ta doguwar hira da iyaye, da jin ta bakin malamai, da duba yaron kansa, da kuma kawar da abubuwan da ke kama da ita. Suna da yawa. Yaron da ba ya samun isasshen barci, ko mai minshari da numfashinsa ke yankewa da dare, zai wuni yana rawar kai. Wanda ba ya ji sosai ko ba ya ganin allo zai zama kamar ba ya saurare. Akwai wata irin farfaɗiya da ke sa yaro ya ƙura ido na 'yan daƙiƙoƙi, bai faɗi ba, bai jijjiga ba, a ɗauka tunani ya tafi. Tsoro, da damuwa, da rikicin gida, da cin zali a makaranta, da wahalar koyon karatu, kowannensu yana iya warwatsa hankalin yaro. Har ƙarancin shekaru ma: bincike a ƙasashe daban-daban ya nuna mafi ƙanƙanta a aji sun fi samun wannan suna, don ana auna su da waɗanda suka girme su da kusan shekara guda.

Idan cikin 'yan mintoci aka yanke hukunci, ba a tambayi barcinsa ba, ba a nemi jin ta bakin malami ba, ku nemi wani likita ya sake dubawa. Haƙƙinku ne, kuma likitan kirki ba zai ji haushi ba.

Dole ne sai da magani? Babu wata hanya?

Shekarun yaron da tsananin larurar ne ke yanke wannan. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a ƙa'idojinta na 2019, ta ce ɗan shekara 4 zuwa 5 a fara da horar da iyaye kan yadda za su tafiyar da halayensa, ba a kawo magani sai an yi hakan bai wadatar ba kuma abin ya yi tsanani. Daga shekara 6 zuwa sama ta ba da shawarar a haɗa biyun. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya a Birtaniya, a 2018, ta fi taka tsantsan: ta ce a fara gyara yanayin da yaron yake ciki, kamar wurin zamansa a aji, da gajarta masa umarni, da ba shi hutu tsakanin ayyuka, in har yanzu larurar tana cutar da shi sai a kawo magani.

Horar da iyaye da ake magana ba zargi ba ne cewa ba ku iya reno ba. Dabaru ne da aka gwada aka ga suna aiki: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, yabo nan take in ya yi daidai, tsarin yini da ba ya canzawa, hukunci mai sauƙi da yaro ya sani tun kafin ya yi laifin.

A 1999 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan yara 579, 'yan shekara 7 zuwa 9, aka raba su gida huɗu aka bi su tsawon wata 14. Waɗanda aka ba magani tare da bibiya sosai, ko shi kaɗai ko haɗe da horon ɗabi'a, sun fi samun sauƙin alamomin a kan waɗanda aka yi wa horon kaɗai. Amma abin da ya fi jan hankalina a binciken wani ne daban. Rukuni na huɗu yara ne da aka bar su su nemi kulawa yadda aka saba, kuma yawancinsu su ma magani suke sha, irin wannan maganin dai. Duk da haka ba su kai na farko samun sauƙi ba. Bambancin shi ne na farkon ana ganinsu duk wata, ana jin ta bakin malamai, ana daidaita musu awon magani, wato yawan abin da suke sha. Ashe rabin aikin yana wurin bibiya. Waɗanda aka haɗa musu da horon ɗabi'a kuma, da ƙaramin awo suka wadatu.

An ce maganin mai zaburarwa ne. Yaron da ba ya zama, a ƙara zaburar da shi?

Kowa da wannan mamaki yake farawa. Ɓangaren gaba na ƙwaƙwalwa shi ne ke riƙe da linzami: shi ke cewa dakata, saurara, gama wannan kafin ka taɓa wancan. A wurin mai ADHD doki lafiya lau yake, hannun da ke riƙe da linzamin ne bai da ƙarfi. Wannan ɓangare yana aiki da wasu sinadarai biyu masu kai saƙo tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, dopamin da noradirenalin, maganin kuma yana sa su daɗe a inda ake buƙatarsu. Abin da aka zaburar shi ne mai riƙewa, shi ya sa yaron yake natsuwa.

Ba da gangan ma aka gano haka ba. A 1937 wani likita a jihar Rod Ailan ta Amurka, Charles Bradley, ya ba wasu yara 30 maganin amfetamin, da farko yana neman sauƙaƙa musu ciwon kai ne, sai aka ga kusan rabinsu sun gyaru ƙwarai a aji. Metilfenidet kuwa, wanda aka fi sani da Ritalin ko Concerta, a 1944 aka haɗa shi a Suwizalan, kuma tun farkon shekarun 1960 ake ba yara shi. Da wuya a samu maganin ƙwaƙwalwar yara da aka bincika kamarsa. Kusan yara 7 cikin 10 suna samun sauƙi da na farko da aka gwada musu, in bai karɓe su ba aka koma ɗaya dangin, wato na amfetamin irin su Adderall da Vyvanse, adadin yana ƙaruwa.

Tsorona kada ya canza mini shi, ya koma sukuku kamar ba shi ba.

Wannan tsoro ne na mai son ɗansa yadda yake, da surutunsa da dariyarsa. Awon da ya dace ba ya kashe wa yaro walwala. Zai ci gaba da wasa da barkwanci, sai dai yanzu yana iya jira a gama magana, yana iya ƙarasa abin da ya faro. Idan kuka ga ya yi jugum, ya daina dariya, ko yana kuka ba dalili, ba haka ake so ba. Ko awon ya yi masa yawa, ko maganin bai dace da shi ba. Kada ku saba da ganinsa haka don malami ya ce aji ya yi shiru. Ba don aji ya yi shiru ake ba shi ba.

Abin da zai kwantar muku da hankali shi ne irin wannan magani ba ya taruwa a jiki. Mai gajeren zango yakan fara aiki cikin minti 30 zuwa awa guda, ya sake shi bayan awa 3 zuwa 4. Mai dogon zango yakan kai awa 8 zuwa 12. In an tsayar yau, gobe ko jibi yaronku ya dawo yadda kuka san shi. Don haka fara magani gwaji ne da ake iya janyewa, ba alƙawari ne na har abada ba.

Me zan gani a makonnin farko?

Ana farawa da ƙaramin awo, sau da yawa miligiram 5 na metilfenidet mai gajeren zango, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan, galibi mako mako, har a kai inda amfani ya fito illa kuma ba ta yi yawa ba. Girman jikin yaro ba shi ne ke nuna awon da zai yi masa ba, ƙaramin yaro yana iya buƙatar fiye da babba. Sannu ba ta hana zuwa, kada ku gaji da komawa.

Illar da ta fi yawa ita ce rashin son abinci, musamman da rana. Maganinta a cika masa ciki da safe kafin ƙwayar ta fara aiki, da yamma kuma in yunwa ta dawo a bar shi ya ci ya ƙoshi, ko da lokacin cin abincin gidan ya wuce. Sai wahalar yin barci, wadda akan gyara ta hanyar matso da lokacin shan na ƙarshe. Ciwon kai da ciwon ciki sukan zo a kwanakin farko su wuce. Akwai kuma abin da ke ruɗa iyaye: da yamma, daidai lokacin da maganin ke sakinsa, yaro ya ɓarke da fushi ko kuka ko ƙiriniya fiye da da, na ɗan lokaci. Wannan alama ce ta cewa maganin yana sauka da sauri, kuma likita yana da yadda zai daidaita shi.

Ku samu ɗan littafi. Tun kafin a fara, ku rubuta abu biyu ko uku da kuke son gani sun canza, ƙanana da ake iya gani da ido: ya shirya da safe ba sai an yi ta faɗa ba, ya gama aikin gida, ya yi wasa da ƙaninsa ba a raba su ba. Ku rubuta yadda cinsa da barcinsa suke a yanzu, don yara da yawa masu wannan larura dama can ba sa barci da wuri, in ba a rubuta ba sai a ɗora wa magani laifin da ba nasa ba.

Gaskiya ne yana hana yaro tsayi?

Akwai ƙamshin gaskiya. Binciken da ya bi yara har girmansu ya nuna waɗanda suka sha shekara da shekaru ba yankewa sun gaza tsaransu da kimanin santimita 1 zuwa 3. Wani binciken da aka yi a Turai, aka fitar a 2023, ya bi yara shekara 2 bai ga ragin girma ba. Tunda bakin masana bai zo ɗaya ba, abin yi shi ne awo. NICE ta ce a auna tsayi duk wata 6, nauyi kuma duk wata 3 ga ɗan shekara 10 zuwa ƙasa. In aka ga girmansa ya ja baya, akan rage awon maganin, ko a ba shi hutu lokacin da babu makaranta, ko a canza magani.

Zuciyarsa fa?

Maganin yana ɗan ƙara bugun zuciya da hawan jini, ƙari kaɗan da yawancin yara ba sa ji. Wani bincike na 2011 a Amurka ya duba bayanan yara da matasa fiye da miliyan 1 da dubu 200, bai ga ƙaruwar bugun zuciya mai kisa ko shanyewar jiki ba a wurin masu shan maganin. Wani kuma daga Suwidin a 2023 ya nuna shan sa na shekaru masu yawa yana da alaƙa da ƙarin haɗarin hawan jini, wanda ya sa awon hawan jini bai kamata a yi wasa da shi ba: kafin a fara, bayan duk canjin awo, sannan duk wata 6.

Inda nauyi ya rataya a wuyanku shi ne tarihin iyali. Ku gaya wa likita in an haifi yaron da ciwon zuciya, in ya taɓa suma ko jin ciwon ƙirji yana cikin gudu, ko in wani na jini ya taɓa yin mutuwar fuju'a yana ƙasa da shekara 40. Irin wannan yaro sai likitan zuciya ya duba shi kafin a ba shi ko ƙwaya ɗaya.

Ba zai buɗe masa ƙofar shaye-shaye ba?

Wannan ce ta fi ci wa iyaye rai, kuma ba a banza ba. Magungunan suna cikin waɗanda yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi, don ana iya amfani da su ta hanyar da ba ta dace ba. Amma a duba yadda abin yake. Ita kanta larurar, ko ba magani, tana ƙara haɗarin shan taba da ƙwayoyi, saboda garaje da neman abin da zai kwantar da rai. Da aka tattara binciken da aka yi aka duba a 2013, sai aka ga yaran da aka ba magani ba su fi waɗanda ba a ba ba faɗawa shaye-shaye. Wasu manyan bincike daga baya ma sun ga haɗarin ya ragu a lokacin da mutum yake kan magani. A awon da likita ke bayarwa, ta baki, maganin yana shiga a hankali ne, ba ya bugarwa. Abin da iyaye suka fi fama da shi ma shi ne yaron ya manta bai sha ba.

Haɗarin da yake na gaske shi ne ƙwayar ta fita daga hannun mai ita: abokai su roƙa, wani a gida ya ɗauka, matashi ya sayar. Ku kulle ta, ku riƙa ƙirgawa, babba ne zai miƙa wa yaro ya ga ya haɗiye. In akwai mai fama da shaye-shaye a gidan, ku faɗa wa likita ba kunya, zai zaɓi mai dogon zango ko wanda ba ya cikin wannan dangi.

Yana da ɗabi'ar ƙifta ido da gyaran murya. Maganin zai ƙara masa?

Da an ɗauka haka ne, amma da aka kwatanta da yaran da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta, ba a ga bambanci ba. Irin wannan fizga dama takan zo ta tafi da kanta. Wani yaron dai tasa takan ƙaru, in kun ga haka ku sanar.

Akwai wanda ba mai zaburarwa ba?

Akwai. Atomoksetin, wato Strattera, wanda aka amince da shi a Amurka a 2002, da gwanfasin, wato Intuniv, da klonidin. Ba a shaye-shaye da su, kuma aikinsu yana ɗaukar yini duka. Sai dai kada a ɗauka su ne marasa illa. Ƙarfinsu bai kai na masu zaburarwa ba a wurin yawancin yara. Atomoksetin yana ɗaukar mako 4 zuwa 6, wani lokaci fiye, kafin a ga amfaninsa, yana iya sa tashin zuciya, kuma yana ɗauke da gargaɗi: a gwaje-gwajen da aka yi, kimanin yara 4 cikin 1,000 sun yi tunanin kashe kansu, ko da yake babu wanda ya aikata. Gwanfasin da klonidin suna sa barci da saukar awon jini, kuma ba a yanke su lokaci guda.

Zai sa ya riƙa cin jarrabawa?

Kada a ɗora masa abin da ba zai iya ba. Yana sa yaro ya zauna, ya saurara, ya gama aikin da aka ba shi. Tasirinsa kan maki kuwa kaɗan ne. Yaron da aka wuce shi a karatu shekara biyu yana buƙatar wanda zai zauna ya koya masa abin da ya rasa, wanda ke da wahalar karatu ta daban kuma yana buƙatar taimako irin nata. Gaskiya ne kuma cewa amfanin maganin na watanni da 'yan shekaru shi ne aka fi tabbatarwa. A wancan bincike na yara 579, bayan shekara 3, da kowa ya koma bin tasa hanyar, tazarar da ke tsakanin rukunonin ta dushe. Wannan ma dalili ne na kada a bar yaro a kan magani shekara da shekaru ba a sake tambaya ko yana yi masa amfani ba.

In na ce a'a fa?

Kuna da ikon cewa a'a, ko ku ce a dakata tukuna. Yaron da larurarsa ba ta yi tsanani ba, yana da abokai, yana tafiya da karatu ko da ƙyar, ana iya tafiya da shi da dabarun gida da na aji a ga yadda za ta kaya. Abin da nake roƙo shi ne a auna ɓangarorin biyu da ma'auni ɗaya. Illar magani a rubuce take a takarda, kowa yana gani. Illar barin yaro haka ba a rubuta ta a ko'ina ba, amma tana nan: yaron da tun safe har dare ba ya jin komai sai "bari", "zauna", "me ke damunka", wanda tsaransa suka daina kiransa wasa, wanda ya fara cewa da bakinsa shi daƙiƙi ne. Yara masu wannan larura sun fi sauran jin rauni da haɗari, kuma wani babban bincike a Danmak ya nuna raunin yana raguwa a wurin waɗanda ke kan magani. In kun zaɓi jira, ku sa wa jiran wa'adi, ku koma a sake dubawa.

Ni na yarda, mahaifinsa bai yarda ba.

Kada a fara a ɓoye. Yaro yana gane an raba baki a kansa, kuma zai ɗauka shi ne matsalar. Ku je wurin likita tare, wanda ke da shakka ya yi tambayoyinsa da kansa. Sau da yawa abin da ke warware ta shi ne a amince da gwaji mai iyaka: makonni kaza, ga abin da muke son gani, ga abin da in mun gani za a tsayar. Mai shakkar ma shi ya fi dacewa ya riƙe littafin, don idonsa zai fi kama illa.

Shi yaron me zan ce masa?

Gaskiya, daidai wayonsa. Kada a ce masa maganin ƙarin jini ne, ranar da ya gane zai daina yarda da ku. Kada kuma a ce maganin rashin ji ne, ko a riƙa cewa "yau ba ka sha ƙwayarka ba ko?" duk sanda ya yi laifi, musamman a gaban mutane. A ce masa hankalinsa yana da saurin tashi, wannan zai taimaka masa ya riƙe shi inda yake so. In ya yi abin kirki a yaba masa shi, ba ƙwayar ba. Ku riƙa tambayarsa yadda yake ji a jikinsa, don akwai abin da shi kaɗai zai iya faɗa. Matashi kuwa sai da yardarsa, in ba haka ba zai riƙa zubarwa ne kawai.

In na hana shi zaƙi ba zai warke ba?

Da aka tattara gwaje-gwaje a 1995, ba a ga sukari yana canza halin yara ba. Rage shi yana da kyau don haƙori da lafiya. Isasshen barci da motsa jiki suna taimakawa sosai, amma ba sa kawar da larurar.

Wace alama ce in na gani ba zan jira ranar komawa asibiti ba?

Ciwon ƙirji, suma, numfashi sama sama, ko bugun zuciya da ya rikice. Ganin abin da babu ko jin muryoyi, wanda ba kasafai yake faruwa ba: wani bincike kan 'yan shekara 13 zuwa 25 masu shan maganin ya same shi a wurin kimanin mutum 1 cikin 660. Duk wata magana ta son mutuwa ko cutar da kai. Kumburin fuska ko ƙuraje da suka feso lokaci guda. Ga mai shan atomoksetin, idon da ya yi rawaya ko fitsari mai duhu. Ga yaro namiji, miƙewar gaba mai zafi da ta ƙi kwanciya, wadda kunya kan hana shi faɗa, don haka ku gaya masa tun farko ya sanar da ku. Kowace daga cikin waɗannan, a nemi likita a ranar.

Ku kuma riƙa faɗin cewa yana kan wannan magani duk inda za a ba shi wani, har da na mura, don wasu magungunan toshewar hanci su ma suna ɗaga bugun zuciya. Ƙwaya mai dogon zango irin Concerta ba a tauna ta, ba a fasa ta, kuma in kun ga ɓawonta a bayan gida kada ku tsorata, maganin ya riga ya fita daga ciki.

Har yaushe zai yi ta sha?

Babu wa'adi ɗaya ga kowa. Wasu yaran, da ƙwaƙwalwa ta ƙara nuna kuma suka koyi dabarun tafiyar da kansu, sukan daina buƙata. Wasu ƙiriniyar takan kwanta amma warwatsewar hankali ta bi su har girma, su ci gaba da sha, ko su riƙa sha a ranakun karatu da aiki kawai. Aƙalla sau ɗaya a shekara ya kamata a zauna da likita a tambaya ko har yanzu ana buƙatarsa, kuma hanyar sani ita ce a tsayar na ɗan lokaci a gani. A zaɓi lokacin da makaranta ke tafiya daidai, ba farkon shekarar karatu ba, ba dab da jarrabawa ba, kuma ba lokacin hutu ba, don a hutu ba za a ga abin da ake son gani ba. Masu zaburarwa ana iya tsayar da su ba tare da dogon shiri ba in likita ya amince, gwanfasin da klonidin kuwa sai an riƙa ragewa a hankali don kada awon jini ya yi tsalle. A makonnin gwajin ku koma ga ɗan littafin nan, ku nemi malami ya rubuta abin da ya gani, shi ma yaron a tambaye shi wanne ya fi masa.